Wayoyin da Suka Ƙi Tsufa

A layin sayen banitsa, wata wainar fulawa mai cuku, Zdravka Pashova ta fara jin maganar, wata safiya cikin watan Satumba, lokacin da garin gaba ɗaya ke ƙaurin gasasshen tattasai. Wai wayoyin wutar da ke cikin tashar nukiliya ba sa tsufa. Shekara talatin da 'yan kai suna kwance cikin zafi, amma duk sanda aka kai guntu ɗakin gwaji sai a tarar da robar jikinsu laushi tiɓis, kamar jiya aka fito da ita daga masana'anta. Dalili kuwa, in ji matar da ke gabanta a layi, wai mutanen wancan zamani man wardi suka zuba a cikin robar.

"Surukina direba ne a can," in ji matar. "Ya ce masu gwajin da hancinsu suka ji. Ana kawowa ƙamshi yake cika ɗakin."

"Kayan da can ke nan," in ji wani tsoho mai sanda daga baya. "Na yanzu kuwa, ka sayi firji, kafin ka jefar da kwalinsa ya mutu."

Layi duka ya yarda, har da mai sayarwa.

Zdravka ta matsa gaba a layin. Ta ƙare ƙuruciyarta da rabin tsufanta tana koyar da ilimin sinadarai a sakandaren garin, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta taɓa cin karo da abin da ba ya tsufa ba, in ka cire wauta. Da wata jita-jitar ce da ta bar ta ta wuce, kamar yadda ta bar ta kifi mai kai biyu da ake cewa ana kamawa a bakin magudanar ruwan ɗumi. Amma wannan tana shirin fitar mata da jika daga gida.

Ralitsa 'yar ɗanta ce. Uwa da uba sun daɗe a Jamus, sai hoto da kira ranar Lahadi. Yarinyar kaɗai ta gama jami'a ta dawo garin, ta kama aikin injiniya a tashar, ta tare a ɗakin baya na gidan kakarta. Aikinta duba lafiyar robar wayoyi ba tare da an yanka ba, domin wayar da ke kan aiki ba a yanka ta don a ga ko tana da lafiya. Tana da wata na'ura mai baki kamar filaya, a rungumi wayar da ita, wani ɗan tsinke marar kaifi ya danna robar a hankali, na'urar ta faɗi taurinta. Sabuwar roba takan ba da kai. Tsohuwa takan ƙi. A ɗakin bututun tururi, inda zafi ya fi ko'ina, na'urar ta ce wayoyin da ke buɗe manyan bawul sun ƙandare kamar ƙirgi. Ralitsa ta rubuta haka, ta sa hannu.

Sai dai tashar tana da nata tsohon tsarin. Tun ranar da aka buɗe ta aka yanyanka irin wannan wayar gunduwa-gunduwa, aka ɗaure dami guda, aka rataye a ƙugiya gefen bututun da ya fi zafi, don su tsufa tare da 'yan'uwansu da ke aiki. Shaidu ake kiransu. Lokaci zuwa lokaci ɗakin gwaji kan zo ya zari guda, ya miƙe robar har ta tsinke, ya ga nawa ta jure. Kuma shaidu, duk sanda aka tambaye su, amsarsu ɗaya: ƙuruciya danya. Ga magana biyu ke nan a kan waya ɗaya. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna ya yanke wanda ke ƙarya, ko da yake a kantin banitsa an riga an yanke.

Da yamma Zdravka ta tarar da akwati a tsakiyar hanya, wanda ya shekara uku a saman kabad ba a taɓa shi ba.

"Wannan fa?"

"Ƙura nake kakkaɓe masa, Kaka."

"To. Ƙurar ce ta ce ki zuba masa rigunan sanyi?"

Ralitsa ta biyo ta tsakar gida inda murhun gasa tattasai ke jone, ta zauna a bakin matakala. "Shugabanmu, Injiniya Gerov, ya kira ni. Ya ce ko dai in janye rahoton kafin Juma'a, ko kwamiti ya ce na'urata ba abin dogaro ba ce, a mayar da ni ɗakin ajiye takardu."

"Ki janye mana."

"Ba zan janye ba."

"Da ma in ji ne."

"In suka kai ni ɗakin takardu tafiya zan yi. Baba ya ce akwai gurbi a kamfaninsu."

"Tafi abinki, 'yar nan. In samu in miƙe ƙafa a gidana. Tun da kika zo ban ƙara ganin ƙarshen kwalbar zuma da idona ba."

Ta faɗi haka tana jefa tattasai cikin murhun. Wannan tattasan ta manta da shi har ya zama gawayi, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, kuma Ralitsa ta yi kirki ba ta ɗago kai ba.

Da ta je zare wayar murhun daga soket sai ta tsaya da ita a hannu. Marigayi mijinta, Nayden, shi ya sa wa murhun wannan wayar. Ya yi aikin ginin tashar, kuma kamar kowane magidanci na lokacin, ragowar waya ta biyo shi gida ba tare da kowa ya aike ta ba. Babu gidan da babu ita a garin. Wasu igiyar shanya suka yi da ita, wasu ɗaurin kurangar inabi. Zdravka ta sa farcen babban yatsa ta danna robar a wajen fulogi. Farcen ya shiga, ya bar ɗan gurbi, gurbin ya cike. Ta bi wayar tana dannawa har ta zo kusa da gindin murhu. Nan farcen ya zame. Ta ɗan lanƙwasa wurin, robar ta yi ƙas, ta tsage.

"Rali, wannan irin ta tashar ce?"

Ralitsa ta karɓa ta duba rubutun jikinta. "Ita ce. Har shekarar."

Zdravka ta yanko ɗan ɓalli daga wajen mai laushi, ta ɗora a bakin wuƙa, ta ƙyasta ashana ta kanga masa. Hayaƙi baƙi ya tashi. Ta miƙa wa jikar a hanci.

"Me kika ji?"

"Taya."

"Wardi fa?"

"Sai dai wardin da mota ta taka."

"Haka ni ma nawa hancin ya ce, amma shi tsoho ne, ba a karɓar shaidarsa." Ta kashe wutar. "Me ya hana ki danna tsinken naki a jikin shaidun, a ga abin da zai ce?"

"Ba a ba ni dama. Na ɗakin gwaji ne, kowanne da hatimi a wuya. Sai an aiko da sanarwa, sannan a taru a zari guda. Ƙugiyarsu tana can wani lungu da ba a bi, ni sau ɗaya na taɓa ganinsu, ranar zarar bara."

"Yaya suke?"

"Kyawawa. Har ƙyalli suke yi."

Zdravka ta dubi murhunta, wanda komai da ke kusa da shi ya dafe ya yi ruwan ƙasa. Ta naɗe wayar ta sa a jakarta ta zuwa kasuwa.

Washegari da hantsi ta sami Injiniya Tihomir Gerov a inda ta san za ta same shi, a shagon miyar tumbi da ke kusa da tashar bas ɗin ma'aikata. Shi ne shugaban sashen lantarki, mutum mai furfura da tumbi nasa na kansa. Yana ganinta ya miƙe tsaye da cokali a hannu, domin jikin da ya yi shekara huɗu a ajinta ba ya mantawa.

"Zauna, Tisho. Ba jarrabawa ba ce."

"Haka kike cewa da ma, Malama, sai ki raba takardu."

Ta ja kujera. Ya yi mata tayin miya, ta ce ita ba ta cin abin da ya riga ya ga abinci kafin ita.

"Malama, wallahi ba ni da komai da yarinyar nan," in ji shi tun kafin ta tambaya. "Tana da ƙwaƙwalwa, kowa ya sani, kuma kowa ya san inda ta gado ta. Amma ki duba. In maganarta gaskiya ce, sai an tsayar da injin an zare wayoyin ɗakin nan kaf, aikin makonni. A kan me? A kan tsinken da take dannawa tana tsaye a kan tsani, gumi na shiga mata ido. Mu kuwa muna da shaidu tun ranar farko. Ba danna su muke ba, miƙe su muke har su tsinke. Wannan ba ya ƙarya."

"Kun miƙe ɗaya daga cikin masu aikin?"

"Haba Malama. Wa zai yanka wayar bawul?"

"To ci gaba."

"Shi ke nan ai. Shaidun nan tsohon ma'aikacinmu, dattijo Bai Spas, ya riƙe su kamar 'ya'yan cikinsa har ya yi ritaya, sannan ya damƙa wa Momchil, wanda shi ya koya masa aiki da hannunsa. Ba a taɓa samun ko ƙwarzane a jikinsu ba."

"Abin da aka rataye don ya lalace, wane riƙo yake bukata?"

Gerov ya yi dariya. "Magana ce kawai."

"Man wardin fa, shi ma magana ce?"

Ya dubi kwanonsa. Ya juya cokali. "Ban ce akwai man wardi a ciki ba. Amma ƙamshin, na ji shi da kaina."

"Kai da na ba ka makin cin jarrabawa a sinadarai."

"Na tausayi kika ba ni."

"Shi nake tunawa yanzu."

Ta miƙe, shi ma ya miƙe. Sai da ta fita ya zauna.

Gidan Bai Spas yana can ƙarshen gari, inda kwalta ta gaji ta tsaya. A ƙofar gida akwai mota lulluɓe da tamfol, an ɗaure ta da igiya ta ko'ina, an tokare tayoyin da bulo don kada su taɓa ƙasa. Mai motar kuwa keke yake hawa. Ya fito da kansa ya buɗe mata, ɗan ƙaramin tsoho tsaf-tsaf, gashin baki a daidaice kamar an auna da ma'auni.

"Malama! Yau wace rana? Shigo, shigo. Bi ta kan ledar."

An shimfiɗa doguwar leda a kan darduma tun daga ƙofa har falo. Kujerun falon suna cikin ledarsu ta kanti, Zdravka na zama tata ta yi ƙara kamar an taka ɗan tsako. Akwatin talabijin yana da mayafi mai ado, rimot ɗinsa a naɗe cikin leda an ɗaure da roba. A cikin kabad mai gilashi kofuna masu bakin zinariya sun jeru, kowanne a kan farantinsa. Bai Spas ya kawo mata kofi a wani kofi mai ɓallin baki, da ɗan faranti na ɓauren da aka dafa da sukari.

"Waɗancan fa?" Ta nuna kabad ɗin da haɓa.

"Na baƙi ne."

"Ni kuma fa?"

"Ke ai ta gida ce, Malama. Kin koyar da 'yata."

"An taɓa yin baƙon?"

Ya yi tunani da gaske. "Lokacin bikin 'yar an so a fito da su. Marigayiya matata ta ce taron ya yi yawa."

Ruwan ɓauren ya ɗiga mata a yatsa. Kafin ta nemi abin gogewa ya ruga ɗaki, ta ji ƙarar buɗe kabad, ya dawo da tawul fari fat mai layin guga. Ta kai shi kusa da fuska, ta tsaya.

"Ƙamshi."

"Sabulun wardi. Ana sa shi tsakanin kaya, ya hana warin ajiya, ya kori asu. Haka tsohuwarmu take yi, haka marigayiya. Duk abin da nake so ya daɗe, sai na sa masa guda."

Zdravka ta goge yatsanta, ta ninke tawul ɗin yadda ya zo.

"Bai Spas, jiya na ji ana yabon shaidunka a layin banitsa. Yau kuma Tisho Gerov ya ce ba a taɓa ganin ƙwarzane a jikinsu ba. Na ce bari in zo in ji daga bakin mai abin."

Tsohon ya gyara zama, kujerarsa ta yi kuka. Fuskarsa ta buɗe kamar ta wanda aka tambaya labarin jikoki.

"Ai sai yanzu aka gane. Malama, ranar da aka damƙa mini su, injiniyan da ya zo daga Sofiya, babban birni, ya ce, Spas, da waɗannan za a auna tashar nan gaba ɗaya. Duk baƙon da ya zo dubawa, su za a nuna masa. Na ce to. Sai na ga inda suka rataye su. Gefen bututun da ko kusa da shi ka tsaya sai gashin hannunka ya naɗe! Ga ƙura, ga maiƙo. Kafin shekara ta zagayo sun fara dushewa. Na ce yanzu abin da za a nuna wa baƙi ke nan? Mutane su taso tun daga Sofiya, mu fito musu da abu kamar an tono shi daga bola? Me za su ce da garinmu?"

"Sai ka yi yaya?"

"Akwai wani kabad na ƙarfe a ƙarƙashin matakala, can ƙasa, sanyi kamar rijiya. Na sauko da su, na goge kowanne, na naɗe damin da leda, na sa sabulu. In ɗakin gwaji ya aiko za a zo, sai in fito da su tun jajibere in rataye a ƙugiyarsu. A zo, a zari guda, a yi hannu da juna. Suna fita in mayar."

"An gaya maka don su tsufa aka rataye su?"

"An gaya mini mana. Ai ni ba jahili ba ne. To a kabad ɗin ba sa tsufa ne? Shekara ai shekara ce, Malama, ko a ƙugiya ko a kabad. Ranar haihuwarsu ɗaya da na saman, ban rage musu ko kwana ba. Sai dai su cikin mutunci suke tsufa."

"Ka taɓa faɗa wa wani?"

"In faɗa wa wa? In kin share ɗakinki kina sanar da hukuma? Ba wanda ya tambaya. Kullum sai dai yabo."

"Momchil fa?"

"Na koya masa komai. Mutum ne mai tsafta, shi ya sa na zaɓe shi."

Zdravka ta cinye ɓaurenta, domin yana da daɗi kuma babu dalilin barinsa. Sannan ta ciro salula daga jaka.

"Tisho, kana ina? To baro wurin. Zo gidan Bai Spas yanzu. A'a, ba wanda ya mutu. Yana so ya ba ka labarin shaidu ne, ni kuma ina so in ga fuskarka."

Garin ba shi da girma. Kafin kofinta ya huce motar Gerov ta tsaya kusa da mai tamfol. Bai Spas ya bi da shi ta kan leda, ya zaunar da shi, sannan ya tsaya gaban kabad mai gilashi yana shawara da zuciyarsa. Shugaban sashe guda ne a falonsa. A ƙarshe ya buɗe, ya ciro kofi ɗaya mai bakin zinariya da hannu biyu, ya wanke, ya zuba.

"Ka ga matsayi," in ji Zdravka. "Ni mai ɓalli aka ba ni."

Bai Spas ya sake ba da labarin tun daga injiniyan Sofiya, wannan karon har da ƙarin bayani a kan irin ledar da ta fi kyau. Gerov ya fara sauraro da murmushi. Wajen kabad ɗin ƙarƙashin matakala murmushin yana nan, amma babu kowa a bayansa. Da aka zo kan sabulu ya ciro salularsa, ya danna, ya ɗora a gwiwa yadda kowa zai ji.

"Momchil. Shaidun ɗakin tururi, suna ina yanzu haka?"

"Suna kabad, yallaɓai," in ji muryar, cikin natsuwa. "Za a zo ne? Wallahi ba wanda ya sanar da ni, da tun jiya na rataye. Amma ba matsala, a shirye suke. Ko sabulun ban daɗe da canjawa ba."

"Kada ka taɓa komai. Ina zuwa."

"Ka ji ko?" in ji Bai Spas da alfahari. "Na ce maka mai tsafta ne."

Gerov ya ajiye kofin zinariyar a kan farantinsa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ya daɗe yana kallon rimot ɗin da ke cikin leda.

"Shekara talatin," in ji shi, "muna gwada kabad."

"Ko ba komai kun san kabad ɗin lafiyarsa ƙalau," in ji Zdravka.

Bai Spas ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya fara jin cewa yabon bai zo ta hanyar da ya saba zuwa ba. Zdravka ta zaro wayar murhunta daga jaka, ta warware ta a kan tebur, bayan ta shimfiɗa jarida don kada ransa ya ɓaci.

"Bai Spas, ka san wannan?"

"Tamu ce. Ta Nayden ko? Allah ya jiƙansa, tare muka fito da..." Ya dubi Gerov, ya yi tari. "Tare muka yi aiki."

"Danna nan da farce. To, danna nan kuma. Waya ɗaya ce, ranar haihuwa ɗaya. Wannan kan ya zauna kusa da bango, wannan kusa da wuta."

Tsohon ya danna wajen fulogi. Ya danna wajen tsagar. Ya koma ya sake, sau da yawa, yana tafiya da yatsa a tsakani kamar mai neman inda shekarun suka shiga. 

"Na saman," in ji shi a ƙarshe, da ƙaramar murya, "haka suke yanzu?"

"Haka jikata ta ce."

Ya ƙara duban tsagar. Ya girgiza kai.

"Ba a kula da su ba," in ji shi.

Gerov ya miƙe. A bakin ƙofa, yana neman takalminsa, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Malama, ki ce wa Ralitsa... a'a, bari. Ni zan gaya mata."

"Gara haka. Ni ba 'yar aikenka ba ce."

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna, amma bai ɗumama kujera ba. Aka sauka ƙarƙashin matakala aka buɗe kabad, aka shaƙi wardi, aka hau sama aka dubi ƙugiya wayam. Ralitsa ta danna tsinkenta a jikin shaida guda a gaban kowa, sannan ta hau tsani ta danna a jikin wayar bawul. Ba wanda ya nemi ta maimaita.

Ta dawo gida da yamma tana jan ƙafa, ta zube a bakin matakala.

"An kai ki ɗakin takardun?" in ji Zdravka tana ɓare tattasai.

"Ina fa. An ce in bi duk ɗakunan zafi na tashar, waya bayan waya, in danna kowacce. Kaka, aikin nan ko na shekara biyu ban gama ba. Ko hutun Kirsimeti ban ga alamarsa ba."

"Kaico. Ni da na sa rai da ɗakin baya." Ta tura mata kwanon tattasai da ƙafa. "Wanke hannu ki kama. Kuma ki mayar da akwatin nan sama, ya tare mini hanya."

Ralitsa ta tashi ta shiga ciki. Zdravka ta ji ƙarar jan kujera, ta ji akwati ya hau saman kabad, ta ji ana buɗe kwalbar zuma.  Tattasan da ke cikin murhu ta ciro shi a kan kari.

Da safe a layin banitsa matar nan mai suruki direba tana gabanta kuma. Ta juyo.

"Malama, ke da jikarki take ciki. An ce an tsayar da injin saboda wayoyi. To man wardin fa? Gaskiya ne ko kuwa?"

Layi duka ya juyo. Mai sayarwa ma ta dakata da wuƙa a hannu.

"Babu man wardi a robar," in ji Zdravka. "Wayoyin da ke kusa da bututu sun tsufa, ana canja su. Waɗanda ake gwadawa ba su tsufa ba domin a kabad mai sanyi suke, a naɗe cikin leda. Ƙamshin kuwa na sabulu ne."